TSOHUWAR MOTA MAI ARAHA DA HUKUNCIN ƁOYE AIBI

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta ciniki Ya haramta cuta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya saba shiga Talata Mafara ranar kasuwa ya san irin motocin da kan yi sammako daga Bakura da Maradun da ƙauyukan da ke kewaye, sun sha lodin buhunan shinkafa da albasa da kwandunan tumatir har sun durƙusa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, noman rani ya zama abin dogaron jama'a da yawa a wannan yanki, shi kuwa tumatir ba ya jiran kowa. Don haka burin manomi da ɗan kasuwa shi ne su mallaki motar da za ta kai kayansu kasuwa a kan kari.

Sabuwar mota dai ta fi ƙarfin talaka tun da daɗewa. Daga 2023 kuma, da aka janye tallafin fetur, darajar Naira ta faɗi, har 'yar Kwatano ma sai mai hali. Abin da ya saura shi ne motar da ta daɗe tana sauya hannu a cikin ƙasa. Waɗansu kan karkata ga mai shan man dizal, wanda direbobi ke kira gas, kuma suna da hujja: injinta ya fi jure kaya, ya fi daɗewa, ya kuma fi tsimin mai. Amma fa irin wannan inji in ya tsufa gyaransa ba wasa ba ne, musamman famfon da ke tura mai da nozulolinsa. Galibin motocin nan sai da suka gama aiki a wata ƙasa kafin su iso. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar cikin 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, Afirka kuwa ita ta kwashi kaso mafi tsoka.

To, a ɗauki misali. Wani manomi daga Bakura ya sayar da shinkafarsa, ya haɗa da kuɗin bijimin da ya yi wata shida yana kiwo, ya zo Mafara. Dillali ya kai shi gaban wata a-kori-kura mai shan gas, ta sha sabon fenti, an ce maigidanta tafiya ta kama shi shi ya sa ya karya kuɗinta. Ya taras an riga an tayar da ita, tana ta ruri. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya nuna kilomita 150,000. Aka yi ciniki, aka ce masa, "Yadda ka gan ta haka za ka ɗauka." Bayan mako biyu sai ta ƙi tashi da safe, ta fara zubar da shuɗin hayaƙi, tana shanye baƙin mai kamar rairayi. Bakanike ya buɗe ya ce inji ya gama, tafiyar da ta yi ta ninka abin da agogo ya nuna, an mai da shi baya ne, an kuma ɗura mata mai mai kauri don ya rufe ƙara da hayaƙi. Ina matsayin wannan ciniki a shari'a, kuma me ya rage wa manomin nan ya yi?

Da farko dai ya kamata a san cewa tsufan mota ba laifi ba ne, araha kuma ba zunubi ba ce. Halal ne mutum ya sayar da motar da ta yi kilomita 400,000, halal ne wani ya saya, muddin kowa ya san abin da ya ke ciki. Allah Ya gindaya yardar juna a matsayin sharaɗin cin dukiyar ciniki a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 29. Yarda kuwa ba ta tabbata sai da sani. Wanda ya yarda da mota a kan cewa ta yi tafiya kaɗan, alhali ta yi mai yawa, da wata mota dabam ya yarda, wadda babu ita. Kuɗin da ya ƙara saboda wannan zato, mai sayarwa ya ci su ba da haƙƙi ba.

Wannan dabara ta mai da agogo baya tana da 'yar'uwa tun zamanin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Larabawa kan ƙi tatsar taguwa ko akuya kwana biyu ko uku kafin su kai ta kasuwa, don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Ana kiran wannan tasriya. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya hana yin haka, ya kuma ba wanda ya saya zaɓi bayan ya tatsa: in ya so ya riƙe, in ya so ya mayar tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Abin lura a nan shi ne mai akuyar bai buɗe baki ya yi ƙarya ba. Ya bar hantsa ta yi masa ƙaryar. Malamai suka fahimci cewa yaudara da aiki daidai ta ke da yaudara da baki. Ke nan wanda ya taɓa agogo, ko ya ɗuma inji tun da asuba don kada a ga wuyar tashinsa, ko ya shafe tsagewar ƙarfe da fenti, ba zai tsira da cewa bai ce kome ba. Haka kuma Muslim ya kawo labarin mai hatsin da ya sa jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, Annabi ya cusa hannu ya ji danshi, ya tambaye shi abin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, sa'an nan ya raba mai algus da jama'arsa.

Saura maganar nan da masu sayarwa ke fakewa da ita, watau "yadda ka gan ta". A fiƙihu ana kiranta sayarwa da bara'a, ma'ana mai kaya ya wanke hannunsa daga kowane aibi. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da wani bawa dirhami 800 bisa wannan sharaɗi. Daga baya mai saye ya ga wata cuta a jikinsa, suka je gaban Halifa Usman ɗan Affan. Usman ya yanke cewa Ibn Umar ya rantse bai san da cutar ba sa'ad da ya sayar. Ibn Umar ya ƙi rantsuwa saboda tsantseni, ya karɓi bawansa, bawan ya warke, ya sayar da shi dirhami 1,500. Abin da hukuncin Usman ya nuna shi ne sharaɗin bara'a ba ya rufe aibin da mai kaya ya sani. Malaman Malikiyya ma sun ƙuntata wannan ƙofa ƙwarai, Hanafiyya sun fi faɗaɗa ta, amma babu wanda ya halatta wa mutum ya san aibi ya yi gum. Muhtasar na Shaihu Halil ya wajabta wa mai sayarwa ya bayyana abin da ya sani, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kada ya dunƙule. Cewa "tsohuwar mota ce, sai haƙuri" dunƙulewa ce. Bayani shi ne ya ce inji na shan baƙin mai kaza a mako, giya ta uku na fita, an taɓa buɗe inji sau biyu.

Dillali da bakanike su ma ba su fita ba. La'adar dillali halal ce in ya yi gaskiya, amma in ya san aibi ya taya ɓoyewa, ko ya sa abokinsa ya zo yana taya mota da tsada alhali ba saye zai yi ba, ya faɗa cikin najashu wanda Annabi ya hana. Bakaniken da mai saye ya ɗauko don ya duba masa amini ne, shaida ya ke bayarwa. In ya karɓi na goro daga ɗaya ɓangaren ya ce mota lafiya lau, ya haɗa cin amana da shaidar zur.

Shi ma mai saye akwai abin da ke kansa. Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala. Shari'a ta ba shi damar ya sa sharaɗin zaɓi na 'yan kwanaki don gwaji da shawara, Malikiyya kuma sun auna tsawonsa da irin hajar: kamar wata guda ga gida, kamar kwana uku ga dabba. Mai hankali sai ya yi amfani da wannan dama. Ya zo da sassafe a tayar da mota a gabansa tana sanyi, don a nan injin gas ke faɗin gaskiya. Ya kalli hayaƙi: baƙi ƙirin alamar matsalar nozul ko famfo, shuɗi alamar inji na ƙona baƙin mai, fari mai yawa bayan inji ya yi zafi alamar ruwa na shiga inda bai kamata ba. Ya gwada abin da agogo ya faɗa da cinyewar sitiyari da abin taka birki da kujerar direba, don waɗannan ba a mai da su baya cikin sauƙi. Ya ɗora mata kaya ya hau tudu da ita. Ya duba takardunta kada ya sayi ta sata. Sa'an nan a rubuta abin da aka yi a gaban shaidu.

Wannan bincike ya wuce batun tsare dukiya. Motar nan mutane za ta ɗauka. Birkin da ya ƙi ci a kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato ba ya tambayar wanda ya san da aibin. A shekarun nan kuma da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin Zamfara, motar da ta mutu da almuru a cikin daji tsakanin ƙauye da ƙauye ta jefa duk wanda ke cikinta a hatsarin da ya fi asarar kuɗi nesa ba kusa ba. Wanda ya ɓoye aibi ya tura irin wannan mota kan hanya, yana da kamasho a cikin abin da ya biyo baya.

To, a koma ga manomin Bakura, don a wurinsa ne jarrabawar ta fi tsanani. Haƙƙinsa a fili ya ke. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa wanda ya sami tsohon aibi a abin da ya saya yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In kuwa wani sabon lahani ya auku a hannunsa, yana iya riƙewa ya karɓi kimar tsohon aibin, ko ya mayar ya biya abin da ya rage. Sai dai ya gaggauta, don ci gaba da aiki da mota bayan ya san aibinta ana ɗaukarsa alamar yarda. Ya fara da sulhu ta hannun shugabannin masu sayar da motoci da dattawan gari, in abin ya faskara ga kotun shari'a.

Amma sau da yawa mai motar ya ɓace, dillali ya ce shi ɗan aike ne. A nan ne abokai kan zo da shawara: a ƙara ɗura mata mai mai kauri, a wanke ta, a kai ta wata kasuwa inda ba a san ta ba, yadda aka yi maka ka yi wa wani. Shawarar tana da daɗin ji, don manomin yana da iyali, ga kuɗin taki na damina, shi kuwa bai cuci kowa ba. Sai dai wanda zai saya ba shi ne ya cuce shi ba. Wataƙila wani manomin ne daga Maradun wanda shi ma bijiminsa ya sayar. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi ya hana mutum ya ci amanar ko da wanda ya ci tasa amanar. In an hana ramawa da ha'inci a kan mai laifi, ina ga wanda bai san hawa ba bai san sauka ba? Zaluncin da aka yi wa mutum ba ya zama lasin a hannunsa. Ta wannan hanya ce mota guda kan cuci gida biyar, kowa na cewa shi ma cutarsa aka yi.

Hanyar da ta rage masa ita ce ya faɗi gaskiya ya sayar da ita a kan kimarta, ko ga bakaniken da zai iya sauya mata inji, ko ga masu yanka mota su sayar da kayanta. Zai yi asara, ba a ɓoye masa wannan, wataƙila ma rabin kuɗinsa. Amma Hakim ɗan Hizam ya ruwaito, a cikin Buhari da Muslim, cewa masu ciniki in suka yi gaskiya suka bayyana ana sa musu albarka, in suka yi ƙarya suka ɓoye ana shafe albarkar cinikinsu. Abin da ya rage a hannunsa tsarkakakke ne, abin da aka cuce shi kuwa bashi ne a wuyan wanda ya ci, zai biya ranar da babu Naira babu dirhami. A garuruwa irin su Mafara da Bakura da Maradun, inda kowa ya san kowa, mutumin da aka sani da faɗin aibin kayansa ba ya rasa mai ba shi bashin taki ba tare da takarda ba.

Allah Ya tsare Musulmi daga cin haram, Ya sa albarka a kasuwanninsu da gonakinsu, Ya kai matafiya gida lafiya. Amin.