Keken Jiya Ne ko Wani Sabo? Tambayar Zati a Kan Firam Ɗin da Aka Tayar

Tambayar abin da ke sa abu ya ci gaba da zama shi kansa bayan sassansa sun canza tana cikin tsofaffin tambayoyin falsafa, kuma ba ta buƙatar babban misali kafin ta bayyana, domin firam ɗin keken hawan dutse mai arha, wanda aka samu babu taya babu suna aka ƙudiri aniyar tayar da shi, ya isa ya fito da ita gaba ɗayanta. Firam shi ne gangar jikin keke, wato bututun ƙarfen da aka haɗa da walda, wanda tayoyi da sirdi da kai da feda duk suke rataye a jikinsa. Keken hawan dutse kuwa shi ne wanda aka ƙera domin hanyoyin tudu da gangare masu gargada, kuma ana cewa yana da cikakken shokazoba idan akwai abin shanye girgiza a gaba da baya, ta yadda firam ɗin ya rabu gida biyu, waɗanda wata mahaɗa mai juyawa ke riƙe da su kamar yadda gwiwa ke riƙe da cinya da ƙwauri.

Wannan nau'in keke shi kansa daga tayar da tsofaffin firam ya samo asali. A shekarun 1970, a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, wasu matasa sun riƙa ɗauko tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940 suna ƙara musu giya da birki mai ƙarfi domin gangarowa daga duwatsu, har Joe Breeze ya ƙera firam na musamman domin wannan aiki a 1977, sannan kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper a 1981 ya shigar da shi kasuwar kowa da kowa. Shokazoba ya yaɗu ne a shekarun 1990, kuma a tsakiyarsu kamfanin Trek ya fito da firam mai siffar harafin Y, siffar da masana'antun kaya masu arha suka kwaikwaya suka cika manyan kantunan Amurka da Turai da ita. Irin waɗannan ne, bayan sun gaji da zama a garejin masu su, wani kaso nasu ke sauka a Kwatano da Legas cikin kayan gwanjo, fentinsu a goge, sunayensu a ɓare.

Wanda ya riƙi irin wannan firam yana da hanyoyi uku na gane shi, kuma ba amsa ɗaya suke bayarwa ba. Mafi rauninsu ita ce suna, domin sunan da ke jikin keke takarda ce mai manne wadda ake ɓarewa a kuma liƙa wata, kuma ko da na asali ne ba ya faɗin inda aka ƙera shi: kamfanin Giant na Taiwan ya daɗe yana ƙera wa Schwinn kekuna, sunan Schwinn ɗin kansa kuma an sayar da shi ga Pacific Cycle a 2001, ya koma yana fitowa a kan kekunan manyan kantuna. Hanya ta biyu ita ce lambar da ake bugawa a jikin ƙarfe, galibi a ƙarƙashin gidan feda, wato gajeren bututun da ke kwance a ƙasan firam wanda sandar feda ke juyawa a cikinsa, sai dai kowace masana'anta da irin tsarin lambarta, kuma babu wani kundi guda na duniya da za a duba. Hanya ta uku ita ce awo da gwaji. Mayen ƙarfe yana manne wa baƙin ƙarfe amma ba ya kama alminiyam. Faɗin gidan feda yakan kasance milimita 68 ko 73. Tazarar da tayar baya ke shiga yawanci milimita 135 ce a kekunan wancan zamani masu taya inci 26. Tsawon shokazoban baya kuma ana auna shi ne daga ramin noti zuwa ramin noti. Masana manɗiƙi, wato ilmin tsara hujja, sun bambanta tsakanin tambayar mene ne abu da tambayar wanne ne shi a cikin 'yan'uwansa, kuma bambancin yana nan a fili, domin awo yana faɗin mene ne firam ba tare da ya ware shi daga dubban irinsa ba, lamba kuwa tana ware shi ba tare da ta faɗi komai game da ingancinsa ba.

Ingancin nan da hannu ake sanin sa. Idan aka riƙe sirdi aka girgiza tayar baya hagu da dama, aka ji wasa a mahaɗar tsakiya tare da ƙaramar ƙara, to bushin ɗin da ke ciki, wato zoben roba ko tagulla da ke hana ƙarfe cin ƙarfe, ya cinye. Idan kuma aka danna sirdi ƙasa aka saki ya yi tsalle ya dawo nan take, to abin da ke baya sifirin ne kawai a cikin kwanso, babu man da ke rage saurin dawowarsa, alhali wannan man shi ne ke yin ainihin aikin shokazoba. Firam mai arha yana da siffar keken dutse cif, yana kuma da nauyin da ya fi na keken da ba shi da shokazoba, amma amfanin da aka ƙirƙiro siffar dominsa bai cika zuwa tare da ita ba.

Marubucin Girka Fulutak ya ba da labarin jirgin ruwan Tisiyas, wanda mutanen Atina suka adana tsawon ƙarnoni suna cire ruɓaɓɓun katakai suna sa sababbi, har masana suka rabu kan ko jirgin nan ne ko wani. Tomas Hobs na Ingila ya ƙara wa tambayar wuya a 1655, inda ya ƙaddara cewa wani ya tattara tsofaffin katakan ya sake haɗa jirgi da su, aka wayi gari da jirage biyu kowanne yana da'awar shi ne na asali. A wurin mai gyaran keke wannan ba ƙaddarawa ba ce, abu ne da ke faruwa a rumfa ɗaya cikin mako ɗaya: an tuɓe firam an sa masa sababbin tayoyi da kai da sarƙa da birki, tsofaffin sassan kuma an ɗora su a kan wani firam, wanda a ƙidaya ya fi na farko yawan kayan asali, watakila ma a nauyi. Duk da haka masu sana'ar ba sa jayayya, domin a wurinsu keke yana bin firam ɗinsa. Wannan hukunci ba al'ada ce kawai ba, yana da dalili. Aristotil ya raba abu zuwa madda, wato abin da aka yi shi da shi, da sura, wato tsarin da ya mai da shi abin da yake, kuma a keke kusan dukkan surar tana zaune a sashi ɗaya, tunda firam ne ke yanke girman tayar da za ta shiga, da kaurin wuyan da kai zai zauna, da tsawon shokazoban da zai karɓa, da wurin da mahaɗa take, wanda shi ke sa keke ya riƙa lilo a duk taka feda ko ya tsaya daram. Sauran sassa ba su da ta cewa a kan firam. Matasan Marin sun sa wa tsofaffin kekunansu duk abin da hannu zai iya sawa, amma daga ƙarshe sai da aka ƙera sabon firam kafin a sami sabon nau'i na gaskiya.

Sai dai firam mai cikakken shokazoba yana girgiza wannan amsar, domin shi kansa abu biyu ne da noti ya haɗa. A tsarin Y da aka ambata, gidan feda yana jikin rabin baya ne, sunan kuma yana jikin rabin gaba, saboda haka idan lambar tana wurin da aka saba buga ta, mai gyaran da ya ɗauko rabin baya daga wani matacce ya haɗa da rabin gaban wannan ya samar da keke mai sunan wannan da lambar wancan. A nan babu wata gaskiya da ke ɓoye a cikin ƙarfe tana jiran a tono ta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna makamanciyar wannan a mas'alar ƙarshe ta littafinsa Tahafutul Falasifa, inda ya lura cewa sassan jikin ɗan Adam suna sauyawa ta hanyar abinci daga yaranta zuwa tsufa, amma mutumin yana nan shi ne saboda ransa. Keke ba shi da rai, don haka wannan mafita ba ta isa gare shi, kuma abin da ya rage shi ne a yarda cewa zatin abin da hannu ya ƙera hukunci ne da mutane ke yankewa saboda bukatun da suka rataya a kansa, wato wane ne mai shi, wane ne zai ɗauki alhakin aibinsa, kuma ko za a amince a hau shi.

Abin lura shi ne malaman fiƙihu sun daɗe da fahimtar tambayar a wannan fuska. A babin gasabu, wato ƙwace dukiyar wani da ƙarfi, sun yi bincike kan lokacin da abin da aka ƙwace ya canza har ya zama ba shi ba ne, ta yadda mai shi zai karɓi madadinsa ko ƙimarsa maimakon ainihinsa. Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ɗaliban mazhabar Malikiyya ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya kawo misalan azurfar da aka ƙera, da yumɓun da aka yi tubali da shi, da alkamar da aka niƙa, da irin da aka shuka. Hanafawa kuma sun sa ma'auni biyu, gushewar sunan abu da gushewar mafi girman amfaninsa. Idan aka auna firam da wannan ma'auni, wanda aka kankare aka fesa wa sabon fenti aka yi wa sababbin kaya bai rasa sunansa ba, bai kuma rasa amfaninsa ba, kuma abin da aka ƙara masa ana kwance shi da sifana cikin awa guda, saɓanin gari da ba ya komawa alkama. Abin da ƙiyasi ke nunawa shi ne idan firam ɗin na sata ne, haƙƙin mai shi yana nan a kansa komai kuɗin da aka kashe, mai gyara kuma ya kwashe sassansa. Shi ya sa lambar da aka goge da gangan ta fi rashin suna muni nesa ba kusa ba, kuma a Kalifoniya riƙe kayan da aka kankare lambarsu, da sanin hakan, laifi ne a doka.

Kamar yadda haƙƙi ke bin firam, haka aibi ke bin sa. Alminiyam yana gajiya da maimaituwar nauyi, yakan fara da siririyar tsaga kamar silin gashi a gefen walda, musamman wajen wuya da wajen da shokazoba ke ɗaure, kuma nau'insa mai lamba 6061 da aka fi yin firam da shi yana rasa ƙarfi idan aka sake yi masa walda, sai an mayar da shi tanderu an gasa shi bisa ƙa'ida, abin da babu shi a rumfar mai walda ta bakin titi. Fenti yana rufe wannan tsagar sarai. Hadisin da Muslim ya ruwaito game da mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya bar busasshen a sama shi ne asalin hukuncin algus, kuma fiƙihu ya ba mai saye hiyarin aibi, wato zaɓin mayar da kaya idan ya gano lahanin da aka ɓoye masa. Liƙa sunan babban kamfani a kan firam ɗin kanti yana ƙarƙashin wannan babi, ko da sassan da aka sa masa na gaske ne masu tsada.

Tayar da firam mai arha halal ne, kuma yana koya wa hannu aiki, ko da yake kuɗin sassansa sau da yawa yakan wuce ƙimar keken bayan an gama, kuma tsohon firam na ƙarfe mai kyau wanda ba shi da mahaɗa ko kaɗan ya fi cancantar wannan wahala. Firam ɗin da lambarsa take lafiya, mahaɗarsa ta karɓi sabon bushin, waldarsa kuma ta fito da tsabta bayan an kankare fenti, ana iya gyara shi a hau, a kuma sayar da shi da sunan abin da yake. Wanda aka samu tsaga a wuyansa ko a mazaunin shokazobansa kuwa ba ya cikin abin da ake tayarwa, wurinsa wajen 'yan gwangwan ne, a sayar da shi a kilo.