Ma'aunin Ceto Shi Ne Ran Wanda Aka Kama

Ga wata tambaya mai nauyi ga lamiri: idan 'yan bindiga suka yi garkuwa da mutum, ya dace sojoji su kai farmaki don ƙwato shi, alhali harbin farko yana iya zama ajalinsa?

Jiharmu ta Sakkwato ta ga wannan da idonta. A watan Mayu 2011 aka sace injiniyoyi biyu a Birnin Kebbi, Chris McManus ɗan Ingila da Franco Lamolinara ɗan Italiya. Ran 8 ga Maris 2012 sojojin Nijeriya da na Ingila suka faɗa wa gidan da ake tsare da su a unguwar Mabera, cikin garin Sakkwato, amma kafin a kai gare su masu tsaronsu sun kashe su. Ran 31 ga Oktoba 2020 kuwa, sojojin Amurka suka kuɓutar da Philip Walton da ransa a nan arewacin Nijeriya, 'yan kwanaki bayan an sace shi a Massalata, kusa da Birnin Ƙonni. Niyya ɗaya, ƙarshe daban.

Alhakin jini yana wuyan wanda ya sace ya kuma kashe. Ekklesiya tana koya mana cewa kāre marar laifi wajibi ne a kan masu mulki. Amma kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Kafin shugaba ya ba da umarni, sai ya tambayi zuciyarsa a gaban Allah: an gwada sauran hanyoyi? Akwai kyakkyawan zaton fito da mutumin da rai? Maƙwabta fa, da sojojin da za a tura? Gama ba a auna ceto da yawan abokan gāba da suka faɗi, sai da wanda ya komo gida.

Mu da muke Fakku, a ƙasar Kebbe, akwai abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Manomi ko matar aure da aka kora daji, babu jirgin da zai tashi dominsu. Dangi ne ke sayar da hatsi da shanu. Ransu bai gaza na kowa daraja ba, gama cikin kamannin Allah aka halicce mu duka. Makiyayi nagari ba ya tambayar asalin tunkiyar da ta ɓata.

Bari mu yi addu'a domin kamammu da sojojinmu, mu kuma roƙa wa masu satar mutane tuba. Ubangiji ya ba shugabanninmu hikima. Amin.