Ƙaura Da Zaman Gida: Wanne Ya Fi?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan ƙaura take, watau mutum ya tashi daga garin haihuwarsa ya koma wani wuri da zama. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Su ne kuma suka ce tafiya mabuɗin ilmi. To, wanne za mu kama?

Amfanin ƙaura ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san tarihi. Da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, sai Annabi (S.A.W.) ya umurci waɗansu sahabbai su tafi Habasha a shekarar 615, suka sami mafaka wurin Najjashi. A 622 shi da kansa ya yi hijira zuwa Madina, inda Musulunci ya kafu, har Sayyidina Umar ya mai da shekarar nan mafarin lissafin Musulmi. Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina hannu rabbana, ya nemi a nuna masa kasuwa, Allah ya buɗa masa. A ƙasarmu kuwa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Ɗegel zuwa Gudu a 1804, daga nan daula ta tsiro.

Amma fa ko hijirar da ta fi kowace daraja ba ta rasa ɗaci ba. Zazzaɓin Madina ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal, har Bilal ya riƙa begen kwarurukan Makka. Suhaibu bai fita ba sai da ya sallama wa Ƙuraishawa dukiyarsa. Idan waɗannan sun ɗanɗana haka, ina ga mu?

Wani lokaci ma mutanen kirki su kan saɓa a kan tashi ko zama. Da Nasara suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira gabas, jama'a da yawa suka bi shi, ya yi shahada a Burmi a cikin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kai sauran jama'a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yanzu a bakin Kogin Nilu. Waziri Buhari kuwa, bayan shawara da malamai, ya koma Sakkwato don kada a bar raunana ba mai tsaya musu. Wancan ya gudu da addininsa, wannan ya zauna saboda addinin waɗanda ba su iya gudu. Kowannensu yana da hujja, kuma Allah ne ya san zukata.

Abin tsoro shi ne ƙaurar da aka yi ba shiri ba shawara. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, galibinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a kan hanyar Aljeriya. Wanda ya isa lafiya ma ba lalle ne ya zauna lafiya ba, gama baƙo raɓa ne. A 1969 gwamnatin Ghana ta kori baƙi marasa takardu, mutane suka bar gidaje da rumfunan da suka yi shekaru suna tarawa.

Saboda haka mai niyyar tashi ya auna abu uku. Na farko, niyya: don tsare addini, ko neman ilmi, ko neman halal? Na biyu, haƙƙin waɗanda zai bari. Wani mutum ya zo yi wa Annabi (S.A.W.) mubaya'a a kan hijira, ya baro iyayensa suna kuka, sai aka mai da shi ya je ya faranta musu. To, ina hukuncin wanda ya bar mata da 'ya'ya shekara biyar, ba aike ba labari? Na uku, hanya da masauki: in hanyar halaka ce, ko kuwa can ɗin salla za ta gagare shi, zaman gida ya fi masa.

Mu kuma da baƙi suke sauka garuruwanmu, mu tuna da mutanen Madina, waɗanda suka raba gidajensu da gonakinsu da Muhajirai.

Allah ya mai da matafiyanmu gida lafiya, ya sa albarka ga mazauna, amin. Wassalamu alaikum.