Juriyar Mai Komawa

A jihar Tennessee ta Amurka akwai wani gandun daji mai tsaunuka da ake kira Frozen Head. Tun 1986, kusan kowace shekara idan sanyi ya fara ja da baya, mutum arba'in ko kusa da haka sukan taru a bakin wani shingen ƙarfe mai launin ruwan ɗorawa domin tseren Barkley. Zagaye biyar ne, a takarda mil 100, wato kilomita 160, ko da yake waɗanda suka taka hanyar da ƙafarsu sun ce ta fi haka nesa ba kusa ba. Awa 60 aka ba mutum. Babu alamar hanya, babu na'urar nuna wuri, daga taswira sai kamfas. Lokacin tashi ma ba a faɗa. Duk sa'ad da ya ga dama tsakanin tsakar dare da tsakar rana, dattijon da ya ƙirƙiro tseren, Gary Cantrell, wanda aka fi sani da Lazarus Lake, zai busa ƙaho, alamar saura awa ɗaya. Idan awar ta cika ya kunna sigari, shi ke nan an tashi. Asalin abin ma da izgili ya fara: a 1977 James Earl Ray, wanda ya kashe Martin Luther King, ya tsere daga gidan yarin Brushy Mountain da ke gefen dajin, aka cafke shi bayan kwana biyu da 'yan awoyi bai yi nisan kirki ba, Cantrell ya ce in shi ne, da mil ɗari zai ci.

A cikin dajin an ɓoye tsofaffin littattafai, wani a ƙarƙashin dutse, wani a kogon bishiya. Kowa zai yage shafin da ya yi daidai da lambarsa ya kawo, shi ne shaidar ya bi ta wurin. Wanda ya dawo ya ce ya sare, sai a busa masa bigila a gaban kowa, da irin sautin da sojojin Amurka ke yi wa mamacinsu a maƙabarta. Mafi yawan masu zuwa da wannan busar ake sallamarsu. Sai a 1995 wani ɗan Ingila, Mark Williams, ya zama na farko da ya kammala zagaye biyar ɗin, kuma zuwa 2024 mutum 20 kacal suka taɓa yi.

Idan ana maganar juriya, hankalin mutane yakan tafi kan wanda ya iso ƙarshen hanya yana tangaɗi ana tafa masa. Ni a wurina ba a nan ake auna ta ba. Azabar kwana biyu da rabi, mai taurin kai ma zai iya cijewa ya sha. Abin da ya fi wuya shi ne wanda aka busa wa bigila ya koma gida, ya zauna ya ƙirga kurakuransa ba tare da ya ɗora wa ruwan sama ko takalmi laifi ba, sannan baɗi ya sake tsayawa a bakin shingen nan, a gaban mutanen da suka ga faɗuwarsa da idonsu.

John Kelly ya tashi ne a gundumar Morgan, ƙasar danginsa tana maƙwabtaka da dajin. Injiniyan lantarki da kwamfuta ne, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh, sana'arsa kuma rubuta manhajar da ke tace tarin bayanai ta fitar da hasashe. Ba da gudu yake ci ba. Ma'aikacin ofis ne a birnin Washington a lokacin da ya fara gudu, mai mata da ƙananan yara, wanda yawancin atisayensa a hanyar zuwa aiki da dawowa yake yi, a guje ko a kan keke, domin babu wani lokacin da zai ciro. A 2013 ya yi gudun fanfalaki na farko a rayuwarsa. A 2015 ya shiga Barkley, ya yi zagaye uku ya tsaya. A 2016 ya gama huɗu, ya fita na biyar, amma bai yi nisan jifa daga shingen ba sai ya zube a ƙasa barci ya kwashe shi. Jama'a na tsaye suna kallo, doka ta hana kowa taimaka wa wanda ya riga ya bar sansani. Ya farka ya ci gaba, daga baya ya dawo bai kammala ba.

A 2017 ya sake zuwa. A zagaye na ƙarshe ruwa ya tsuge, hazo ya rufe tsaunukan, sanyi ya shige shi. Ya tsinci wata hular sanyi mai ruwan goro da ta maƙale a cikin ƙaya ya sa, ya tsinci ledar cefane ya huda ta ya zura a jiki. Da wannan shigar ya taɓa shingen bayan awa 59 da minti 30, ya zama mutum na 15 da ya kammala.

Hoton mai hula da leda shi ne ya zaga duniya, amma ni tsakanin shekarun ne ya fi ɗaukar mini hankali. Kelly yana da al'adar rubuta doguwar bitar kowane tsere, har da waɗanda ya sha ƙasa: inda ya ɓata hanya, abin da cikinsa ya ƙi karɓa, barcin da ya yi da wanda ya kamata ya yi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai rubuta manhaja zai gane wannan halin. Mutum ya kwana yana rubutu, ya danna, allo ya cika da jan gargaɗi. Kwamfuta ba ta jin magiya, ba ruwanta da cewa bai runtsa ba. Sai ya koma ya bi layi ɗaya bayan ɗaya, ya sauya abu guda kaɗai don ya san ko shi ne, ya sake dannawa. Wani lokaci a ƙarshe waƙafi ɗaya ne ya ɓace. Ita kanta manhajar da ake koya wa hasashe haka ake horar da ita: ta yi ƙiyasi, a auna tazarar da ke tsakanin ƙiyasin da gaskiya, a ɗan gyara, a sake, sau dubbai. Mai wannan sana'a da yake ɓoye kuskurensa ba ya daɗewa a cikinta. Shi ya sa nake ganin juriya da faɗa wa kai gaskiya ba sa rabuwa. Wanda ya koma bai gyara komai ba, wahala kawai ya maimaita.

A ranar nan ta 2017 an ga wani ɓangaren wannan gaskiyar. Gary Robbins, ɗan Kanada, tare suka yi zagaye huɗu da Kelly, a na biyar ƙa'ida ta raba su, kowa ya nufi nasa ɓangaren. Saura kaɗan Robbins ya iso, hazo ya ruɗe shi ya saki hanya, ya ɓullo wa shingen ta inda bai kamata ba, da shafukansa cif a hannu, agogo na nuna awa 60 da daƙiƙa 6. Labari ya bazu cewa daƙiƙa shida ce ta kayar da shi, mutane na ta jajanta masa. Shi da kansa ya fito ya ce ba haka ba ne, bai bi hanyar daidai ba, saboda haka ko da ya iso a kan lokaci bai kammala ba. Da ya yi shiru da ya ci ribar tausayi har abada. Ita ma Jasmin Paris, likitar dabbobi daga Birtaniya wadda ta zama mace ta farko da ta kammala a 2024 saura daƙiƙa 99, sai a zuwanta na uku ta samu.

Wanda ya kalli takardar aikin Kelly da idon mutanenmu zai iya cewa mutumin nan ba ya zama wuri ɗaya. Daga binciken jami'a kan yadda kwamfuta za ta karanta saƙonnin ƙwaƙwalwa, ya koma nazarin bayanai a kamfanin QxBranch a Washington, sannan a 2019 ya kwashe iyalinsa zuwa yankin Bristol a Ingila, ya zama shugaban sashen fasaha na Envelop Risk, kamfanin da ke ƙiyasta wa masu inshora haɗarin kutsen intanet. Bayan 'yan shekaru ya koma Amurka. A wasa ma haka: ya yi shekaru yana gasar Ironman, iyon kilomita 3.8 da keken 180 da gudun 42 a yini ɗaya, har ya kai gasar duniya a Kona ta tsibirin Hawai, sannan ya ajiye ta gaba ɗaya. Mun saba ɗaukar wanda ya shekara talatin a tebur ɗaya a matsayin mai juriya, mai sauye-sauye kuma mai gantali. Wani lokaci gaskiya ne. Akwai saurayin da zai fara koyon yaren manhaja uku cikin wata shida, duk wanda ya kai shi wurin wahala ya sake shi ya kama sabo, ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne in ji kifi. Amma akwai kuma wanda tsoro ne ya zaunar da shi, ba haƙuri ba. Abin dubawa shi ne lokacin da mutum ya bar abu: a tsakiyar wahalarsa ya gudu, ko sai da ya ga ƙarshensa? Kelly ya bar Ironman ne bayan ya kai ƙololuwar da zai iya, don ya ga taura biyu ba ta taunuwa, ya zaɓi tsaunuka. Barkley kuwa, da ta kayar da shi sau biyu a jere, bai bar ta ba.

Jarrabawar da na fi girmamawa a Ingila ta same shi. Akwai wata hanyar ƙafa da ake kira Pennine Way, kilomita 431 tsakanin Edale da Kirk Yetholm a kan iyakar Sikotland, duk tuddai da taɓo. Tun 1989 Mike Hartley ke riƙe da tarihin gudunta, awa 65 da minti 20, shekara 31 babu wanda ya taɓa shi. A watan Yulin 2020 Kelly ya karya shi da awa 64 da minti 46, yana fama da ciwon ciki a mafi yawan hanyar. Kwana takwas kacal bayan haka Damian Hall ya zo ya yi a awa 61 da minti 35. A ce abin da ya shekara 31 a hannun wani, kai mako ɗaya ya yi a naka. A nan ba ƙafa ake gwadawa ba, zuciya ce, kuma hanyoyin fita suna da yawa: ka ce ai ba ka da lafiya, ka ce shi ya sami yanayi mai kyau, ka ce dama kai ne ka nuna ana iyawa. Kelly ya jira watan Mayun 2021, ya koma kan hanyar, ya yi a awa 58 da minti 4.

Kada kuma a ce na mai da shi waliyyi. Wannan wahala ce ta zaɓi, wadda sai mai albashi da fasfo da kuɗin jirgi yake iya sayenta, kuma duk ranar da ya ga dama zai iya cewa ya isa. Ɗan ga-ruwan da ke tura kura cike da jarkoki daga safe zuwa magariba ba shi da wannan damar, ba kuma wanda zai tafa masa. Sannan kowace nasarar Kelly akwai mutanen da ba su shiga hoto ba: matar da ta riƙe yara, abokan da suka kwana a mota a bakin titi suna dafa masa abinci, waɗanda suka raka shi cikin dare ɗauke da ruwansa. Mai juriyar da ya manta cewa wasu ne ke biyan rabin kuɗinta ya fara zama mai son kai. Abin da kawai irin wannan wasan yake da shi na amfani gare mu shi ne komai a fili yake, da agogo da shaidu, babu inda mutum zai ɓoye faɗuwarsa, shi ya sa ake iya ganin halin tsirara.

Faɗuwar kuwa ba ta ƙare don mutum ya taɓa yin nasara. Bayan 2017 Barkley ta sake mayar da Kelly gida hannu rabbana fiye da sau ɗaya kafin ya kammala ta a 2023 da 2024. A 2025 babu wanda ya gama, shi ma a zagaye uku ya tsaya. Tsayawar ma, idan jiki ya kai inda ci gaba zai zama nakasa, ina lissafa ta cikin juriya, domin wanda ya lalata ƙafarsa don gudun kunya ya rufe wa kansa ƙofar komawa. A cikin shekarar ta 2025 Kelly ya tashi daga jihar Georgia da niyyar karya tarihin Appalachian Trail, hanyar tsaunuka mai kusan kilomita 3,500 da ke ƙarewa a jihar Maine. Ya yi fiye da wata guda yana cin fiye da kilomita 80 a kullum, ya ci mafi yawan hanyar, sai idon sawunsa ya kumbura a jihar New Hampshire har taku ya gagara, ya sanar cewa ya tsaya. Tarihin ya ci gaba da zama a hannun Tara Dower, wadda ta kafa shi a 2024 cikin kwana 40 da awa 18.