Mai Shan Ƙwaya: Mai Laifi Ne, Ko Marar Lafiya?

'Yan'uwa, akwai tambayar da iyaye sukan kawo gaban dattawan ikilisiya da hawaye: yaron da ƙwaya ta kama, ya rantse sau goma zai bari, ya kuwa koma, mai laifi ne ko marar lafiya? Kafin mu yanke hukunci, bari mu duba abin da ke faruwa cikin jikinsa.

A shekara ta 1954 waɗansu masana biyu, Olds da Milner, suka yi gwaji a Kanada. Suka sa siririyar waya cikin ƙwaƙwalwar ɓera, yadda in ya taka wani ɗan ƙarfe zai ji daɗi. Sai ɓeran ya yi ta takawa, sau ɗaruruwa cikin sa'a guda. Mu ma muna da irin wannan wuri. In mun ci abinci da yunwa, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari mai suna dofamin, shi ke koya mana mu sake neman abin. Ƙwayoyi irin su tiramadol da kodin sukan sa a sake shi fiye da kima. Ƙwaƙwalwa kuwa, garin kare kanta, sai ta rage jinsa. Saboda haka ƙwaya ɗaya ta jiya ba ta isa yau ba, abinci da zumunci kuma sun zama salam.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake, wanda ke aika saƙo ta cikin jini zuwa gaɓoɓin haihuwa. In an daɗe ana shan waɗannan ƙwayoyi, saƙon yakan raunana: ƙarfin namiji ya ragu, al'adar mace ta rikice. Wanda ya sha domin ya ƙara ƙarfi, ƙarfin nan ne ya sayar.

To, me za mu ce? In mun ce ciwo ne kurum, mun mai da mutum ɓera, mun ƙwace masa darajar mai zaɓi. In kuwa mun ce taurin kai ne kurum, mun yi masa shaidar zur, gama sarƙar tana cikin namansa. Mu dai muna gani ƙwayar fari da hannunsa ya ɗauka, amma kowace ta baya takan rage masa ikon ƙi. Alhakinsa bai shuɗe ba, sai dai ya sāke kama: yanzu abin da ke wuyansa shi ne ya faɗi gaskiya, ya nemi taimako. Manzo Bulus ya san wannan yaƙi na mai son nagarta wanda ya kasa aikata ta. A duba Romawa sura 7.

Namu alhakin fa? Mu kai shi wurin likita, gama barin ƙwaya farat ɗaya yakan kawo zufa, da makyarkyata, da rashin barci. Mu yi haƙuri kuma, domin ƙwaƙwalwa takan farfaɗo, amma da watanni, ba da kwanaki ba. In ya faɗi, mu ɗaga shi da tawali'u, yadda Galatiyawa sura 6 ta umarce mu.

Tambaya domin tattaunawa: in irin wannan yaro ya shigo sujada ran Lahadi, wa zai matsa masa wuri a benci?