Tsohuwar Hanyar Addu'a Ko Sabuwa?

Wata tambaya ta taso a ekklesiyarmu a nan ƙasar Bagauda, na ga ya kamata mu duba ta tare. Ko daidai ne a gwada sabuwar hanyar yin addu'a tare, ban da wadda muka gada?

Azumin kwana 40 ya kan soma ran Larabar Toka, ya kai mu bakin Ista, ba a lissafa ranakun Lahadi a ciki. Muna tunawa ne da kwana 40 da Ubangiji ya yi cikin jeji. Al'ada ce daɗaɗɗiya, gama majalisar Nikiya ta shekarar 325 ta ambaci kwanakin nan. A shekarar 2025 mun soma ran 5 ga Maris, maƙwabtanmu Musulmi kuwa suna cikin nasu azumi. Muna ganinsu suna taruwa dare da asuba, mu kuwa a taron addu'a fasto da dattijo ɗaya kaɗai ke buɗe baki, sauran sai "Amin."

Saboda haka muka gwada abu uku. Muka riƙa taruwa gida gida da maraice, bayan masu noman rani sun komo. Muka riƙa yin shiru kaɗan bayan karatu. Sa'an nan muka raba jama'a biyu biyu, maza da maza, mata da mata, kowa ya roƙa wa ɗan'uwansa.

Wani tsoho ya same ni ya ce, "Fasto, hanyar da ta fishe mu daga tsafi, ita ce yau ta tsufa?" Na ce, "Baba, ba ta tsufa ba." Maganarsa kuwa tana da nauyi. Akwai masu bin sabon abu don marmari kawai, yau nan, gobe can, har addu'a ta zama wasa. Wanda ya rena abin da iyaye suka riƙe cikin tsanani, ya yi butulci.

Amma fa abin da mu ke kira tsoho, wata rana sabo ne. Sai a 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Taro a gida kuma ya riga ginin majami'a, gama sa'ad da Bitrus ya ke kurkuku, a gidan Maryamu uwar Markus aka taru ana roƙo dominsa (Ayyukan Manzanni 12). Ashe tsufa ko sabunta ba su isa ma'auni ba. Da 'ya'yansa a kan san itace.

To, ga 'ya'yan da muka gani. Mutum biyu sun shekara ba su ga maciji saboda iyakar gona, amma kowace Lahadi suna zaune cikin majami'a ɗaya, suna cewa "Amin" tare. Tsohuwar hanya ta ba su wurin ɓuya. Da rabo ya haɗa su, ɗaya ya tashi ya fita. A mako na uku ya zauna, ya roƙa wa ɗan abokin gabansa lafiya, muryarsa tana rawa. Da wuya mutum ya ambaci sunan wani gaban Allah, ya fito yana ƙinsa kamar dā. Kafin Ista suka kai maganar gonar gaban dattawa.

Ba duka ne ya yi amfani ba. Shirun nan barci ya riƙa kawo wa gajiyayyu, sai muka mai da shi safiya. Addu'ar Lahadi kuwa muka bar ta yadda ta ke, tsohon nan ke bi da ita.

Shawarata ke nan ga ekklesiyoyin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Ku gwada, amma da yardar dattawa. In azumi ya ƙare ku tambayi kanku: Wane baki ya buɗe? Wace gaba ta mutu? In babu, ku bar hanyar. In akwai, ku riƙe ta da godiya. Ubangiji ya koya mana yin addu'a. Amin.