Gigin Tsufa: Gado Ne Ko Sakaci?

A gidan da dattijo ya fara mance sunayen 'ya'yansa, ko ya yi sallar Azahar sau uku domin bai tuna ya yi ta ba, a kan ji wani daga cikin 'ya'yan yana cewa ai haka kakansu ma ya ƙare, abin a jini ya ke, saboda haka babu amfanin wahalar da kai. Wannan magana ta shafi likita, amma ta fi shafar tauhidi, domin hukunci ce a kan ƙaddara.

Alƙur'ani mai girma ya ambaci irin tsufan da kan raba mutum da saninsa a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, kuma ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga gare shi. Likitoci kuwa sun fara bayyana nau'in da ya fi yawa ne a 1906, ta bakin wani Bajamushe mai suna Alois Alzheimer, wanda cutar ta ci sunansa.

Gado gaskiya ne, ba a musunsa. Sai dai gidajen da cutar ke bin zuriya babu makawa ba su kai ɗaya bisa ɗari na masu fama da ita ba. Ga sauran jama'a, abin da a ke gada shi ne karkata zuwa gare ta. A 1993 masana a Jami'ar Duke ta Amurka suka gano cewa wani nau'in ƙwayar halitta, APOE4, yana ƙara haɗarin kamuwa. A 2024 kuma kwamitin mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 waɗanda ya ƙiyasta cewa kawar da su na iya hana ko jinkirta kashi 45 bisa ɗari na gigin tsufa. Daga cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, ƙiba, taba, giya, kurumtar da ba a kula da ita ba, kaɗaici, da ƙarancin karatu tun ƙuruciya.

To, a nan ne maganar ta ɗaure. Aikin APOE a jiki shi ne dakon maiƙo a cikin jini, kuma nau'in nan da ke ƙara haɗarin mantuwa shi ne dai ke ƙara maiƙon da kan toshe jijiyoyi. Hawan jini da ciwon sukari da ƙiba su ma suna bin dangi. Watau abubuwan da a ke cewa suna hannun mutum, su kansu akwai gado a cikinsu. Mai ra'ayin Jabariyya sai ya ce magana ta ƙare, ɗan Adam tilastacce ne ta kowace fuska.

Amma binciken bai tafi inda ya ke so ba. Tun 1992 aka fara kwatanta tsofaffin Yarbawa na Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis a Amurka, waɗanda kakannin da yawansu daga Afirka ta Yamma aka kwashe su. Sakamakon 2001 ya nuna masu kamuwa a Indiyanafolis sun ninka na Ibadan fiye da sau biyu, kuma tasirin APOE4 ya fi rauni a wajen Yarbawan. A 2019 wani bincike a kan mutum kusan 200,000 a Birtaniya ya nuna cewa ko a cikin masu mugun gado, waɗanda suka bar taba, suka motsa jiki, suka gyara cimarsu, haɗarinsu ya yi ƙasa da kusan sulusi.

Wannan bai saɓa wa abin da Ahlus Sunna suka tafi a kai ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji labarin annoba, sai ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya nuna masa cewa komawar ita ma ƙaddara ce. Wanda ya gaji hawan jini, awo da shan magani a kan kari suna cikin abin da aka rubuta masa, kuma nauyin ya fi hawa kansa bisa ga wanda bai gada ba, tun da shi an riga an yi masa gargaɗi. Malamai irin su Gazali da Shaɗibi sun sanya kiyaye hankali cikin larurai biyar da Shari'a ta zo domin tsare su. Kuskure ne a taƙaita wannan ga haramcin giya kaɗai.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya ɓangaren, wanda ya fi muni. Idan kashi 45 ne ke karɓar gyara, to fiye da rabi ya rage, kuma sau da yawa mutum kan kiyaye komai ya kamu. Talakan da bai sami makaranta ba, ko matar da ta shekara arba'in tana shaƙar hayaƙin murhu, ba su suka zaɓa ba. Bai halatta a ɗora wa majinyaci laifi ba, balle a jefi tsohuwa da maita don tana sambatu da dare, kamar yadda a kan yi a wasu garuruwa. Shari'a ta ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Dattijon nan mai maimaita Azahar ba a bin sa komai. 'Ya'yansa ne Suratul Isra'i aya ta 23 ta hana su ko da nuna masa ƙosawa.